Gilashi Mai Doro: Matsalar Kwanson HD Hero a Ƙarƙashin Ruwa da Abin da Gyaranta Ya Jawo

Tsakanin 2010 da 2012, kusan duk mai nutson da ya sayi kyamarar HD Hero ta kamfanin GoPro ƙorafi ɗaya yake fitowa da shi daga ruwa. A kan jirgi hoto tas yake fita, har igiyar da ke ɗaure da tukunyar iska ana iya ƙirga zarenta. Da zarar kyamarar ta nutse, komai sai ya koma dishi-dishi. Kifi ya zama tabo mai motsi, murjani ya zama dunƙulen launi, fuskar abokin nutso a bayan tabaransa ba a gane ta. A fito da kyamarar sama kuma hoto ya dawo garau nan take. Kwanson robar da take ciki an ƙera shi ya jure zurfin mita 60, kuma yana jurewa, ko ɗigo ba ya shiga. Ruwan da aka tsare a waje shi ne ke ɓata hoton daga wajen.

Lamarin ya cancanci a bi shi daki-daki, domin a cikinsa ne aka ga yadda fokas, wato saitin da ke sa hoto ya fito sarai, da toshe ruwa suke ɗaure da juna a waɗannan ƙananan kyamarori. Mutane da yawa sun gyara na farkon, gyaran kuma ya buɗe wa ruwa ƙofa.

Kyamarar da aka yi domin saman ruwa

Nick Woodman ya kafa GoPro a 2002 a jihar Kaliforniya ta Amurka, kuma shi mai hawan igiyar ruwa ne. Kyamararsa ta farko, wadda ta fito a 2004, mai fim ce da ake ɗaurawa a wuyan hannu. Wannan asalin ya bi HD Hero har cikin ƙirarta. Mai hawan igiya yana buƙatar kwanson da zai sha duka da fantsamar ruwa, amma abin da yake ɗauka a iska yake: kansa, allonsa, bangon ruwan da ke tasowa a bayansa. Haka mai babur, haka mai dira daga jirgin sama.

Idon kyamarar, wato gilashin da ke tara mata haske, mai faɗin gani ne ƙwarai, digiri 170 a wasu saitunan, digiri 127 idan ana ɗauka a 1080p, saitin bidiyonta mafi inganci. Fokas ɗinsa a kafe yake, ba abin da ke motsi a ciki. An saita shi tun daga masana'anta yadda duk abin da ya wuce 'yan taƙi kaɗan daga kyamarar, har iya ganin ido, zai fito sarai. A gaban wannan idon, kwanson yana da ƙaramin gilashi mai doro, kamar an yanko gefen ƙwallo. A iska zaɓi ne mai kyau. Gilashin da ke da lanƙwasa ɗaya ciki da waje kusan ba ya taɓa hanyar haske, ba ya tare gefen hoto komai faɗin ganin idon, kuma doro ya fi shimfiɗaɗɗen gilashi jure matsi.

Abin da ruwa ke yi wa doro

Haske yana karyewa idan ya tsallaka daga ruwa zuwa iska. Ma'aunin karya haske na iska 1 ne, na ruwa kusan 1.33. Muddin iska ce a ɓangarorin gilashin biyu, lanƙwasarsa ba ta da wani tasiri. Da ruwa ya kwanta a bayansa, iska kuma tana ciki, sai iyakar da ke tsakanin ruwan da iskar ta ɗauki siffar doron, ta zama wani sabon ido da aka ƙara a gaban na kyamarar ba tare da an shirya masa ba. Wannan sabon idon mai warwatsa haske ne. Hasken da ya taso daga dutsen da ke nesa, idan ya ratso shi, yana isa idon kyamarar tamkar daga wani wuri kusa ya fito.

Akwai lissafin da masu ƙera kwanson manyan kyamarori suka daɗe suna aiki da shi. Abin da ke can nesa, siffarsa tana bayyana a gaban doron a tazarar da ta kai ninki uku na radiyos ɗin doron, wato rabin faɗin ƙwallon da aka yanko shi daga jikinta. Babban doro mai radiyos na santimita 10 zai ajiye siffar teku duka a kusan santimita 30 daga gilashin. Kyamara mai fokas mai motsi ba ta damu ba, sai ta saita kanta a kan wannan siffar ta kusa, ta ɗauki hotonta lafiya. Shi ya sa ƙwararrun masu ɗaukar hoton teku suke yawo da manyan doraye masu faɗin inci 6 zuwa 9, kuma suna sonsu, domin doro yana barin faɗin ganin ido yadda yake a iska.

Yanzu a rage doron ya koma ɗan ƙarami, a ce radiyos ɗinsa santimita 2. Siffar komai za ta taru a cikin santimita 6 daga gilashin, abin da ya fi kusa kuma siffarsa ta fi haka matsowa. Ana neman idon da aka kafe a kan nesa ya karanta abin da aka manna masa a hanci. Ba zai iya ba, kuma babu maɓallin da za a danna ya iya. Matsowa kusa da kifin ba ya taimakawa, ja da baya ba ya taimakawa, ƙara haske ma ba ya taimakawa. Wannan ne ya rikita mutane da farko, domin a tunanin kowa kyamarar da aka ce tana shiga mita 60 ai kyamarar ƙarƙashin ruwa ce. Adadin mitocin yana magana ne a kan ƙarfin kwanso kawai. Bai ce komai a kan abin da idon zai gani a can ba.

Duk wanda ya taɓa buɗe ido a cikin ruwa ya san irin wannan gani. Fatar gaban idon mutum mai doro ce ita ma, kuma da iska aka daidaita aikinta. Tabaran nutso yana gyara gani ne ta hanyar sanya shimfiɗaɗɗen gilashi a gaba, da iska a tsakani. Maganin da kyamarar ke buƙata ke nan.

Kafin a ɗora wa doro laifi

Hoto yana dishi-dishi a ruwa saboda dalilai da dama, kuma ina ganin rashin bambance su ya sa an kwance kwansuna masu yawa da bai kamata a taɓa ba. Alamar matsalar doro a fili take: hoton yana ɓaci a daidai daƙiƙar da gilashin ya shiga ruwa, ya ɓaci ko'ina daidai wa daida, ya kuma warke a daƙiƙar da aka fito. Idan bidiyo ya fara garau, bayan minti goma ko ashirin wani farin hazo ya fara daga tsakiya yana faɗaɗa, wannan raɓa ce a cikin kwanso. Kyamara ta ɗumama iskar ciki, ruwan waje ya sanyaya gilashin, laimar da aka rufe tare da kyamarar ta kwanta a kansa. Idan bayan hoton ya fito sarai amma abin da ke gaba ya ɓaci, an matsa kusa fiye da kima. Idan hoton yana kyau a mita 5 amma a mita 25 ya zama laushi-laushi da inuwa tana bin bayan duk abin da ya motsa, ƙarancin haske ne ya sa kyamarar ta rage saurin ɗauka, ta kuma shafe ƙananan bayanai wajen ƙoƙarin rage ɗige-ɗige. Akwai kuma ƙananan kumfa da ke maƙalewa a gilashi lokacin shiga ruwa, waɗanda shafawa da yatsa ke korewa.

Canza gilashi yana magance na farkon ne kaɗai.

Gyaran da masu nutso suka yi wa kansu

Kafin kamfanin ya motsa, masu kyamarar sun riga sun motsa. Hanyoyi biyu aka bi. Wasu sun buɗe kyamarar kanta, suka karya gam ɗin da ya riƙe idon, suka murɗa shi a kan zarensa har fokas ya dawo kusa, inda siffar take. Yana aiki zuwa wani mataki. Tsakiyar hoto tana fitowa, amma gefuna suna nan da laushi, saboda siffar da doro ke yi ita ma a lanƙwashe take, sensa kuwa, wato ɗan faifan da hoton ke sauka a kansa a cikin kyamarar, a shimfiɗe. Kyamarar kuma ta tashi daga aiki a saman ruwa. Ba hanya ce da ta samu karɓuwa sosai ba.

Hanya ta biyu ita ce ta bazu: a cire doron a sa shimfiɗaɗɗen gilashi. Ƙananan kamfanoni sun fara sayar da kwansunan da aka riga aka yi wa wannan aikin, wasu suna sayar da abin da za a ɗaura a gaban kwanson da mutum ke da shi. Masu son aikin hannu kuma suka riƙa yanko akirilik, wata roba mai kama da gilashi, ko su samo filtar gilashi ta kyamarar hoto, su manna da gam. Fokas yana dawowa nan take. Wanda ya ga bidiyon kafin gyara da na bayan gyara ba zai yi musu ba.

Sai dai shimfiɗaɗɗen gilashi yana karɓar ladansa. Abubuwa suna ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, suna kuma bayyana kusa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Faɗin gani yana tsukewa. Idon da ke ganin digiri 127 a iska zai ga kusan 84 a ruwa, mai ganin 170 kuma ba zai wuce kusan 97 ba, domin wannan ita ce iyakar abin da haske zai iya ratsowa daga ruwa zuwa iska ta shimfiɗaɗɗiyar taga. A gefunan hoto launuka suna ɗan rabuwa, a ga shuɗi-shuɗi ko ja-ja a bakin abubuwa. Yawancin masu nutso sun yarda da wannan cinikin da hannu biyu, kuma suna da gaskiya.

Abin da ya fi ba da wahala shi ne baƙin kusurwa. Idon kyamarar ya ɗan turo gaba cikin doron, saboda haka ba za a iya kwantar da shimfiɗaɗɗen gilashi a inda doron ya zauna ba, dole a ɗaga shi a kan wani zobe. Ido mai faɗin gani kuwa yana hango bakin zoben, sai kusurwoyin hoto huɗu su yi baƙi, musamman a saitin digiri 170. Maganinsa a faɗaɗa tagar. A nan ne zancen ya tashi daga hoto ya koma matsin ruwa.

Inda ruwa ya samu ƙofa

Kowane mita 10 na zurfi yana ƙara matsi da kusan kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. Zagayayyar taga mai faɗin santimita 4 tana da fili kusan murabba'in santimita 12 da rabi, don haka a mita 30 nauyin kusan kilo 38 ne ke danne ta. A faɗaɗa ta zuwa santimita 6 domin a kori baƙin kusurwa, nauyin ya haura kilo 80. Doro yana raba irin wannan nauyin a jikinsa, matsi yana ƙara dunƙule shi. Shimfiɗaɗɗen gilashi lotsawa yake yi a tsakiya, gefensa yana ɗan ɗagowa, kuma a gefen ne aka sa gam ko roba. Siririyar filtar da aka ƙera domin tare ƙura a iska ba a yi ta don wannan ba. Tana iya wuce gwajin bokiti lafiya, ta wuce nutso biyar, a na shida ta tsage. A ƙara wa gilashin kauri kuma, bakinsa ya sake shigowa cikin hoto.

Gam ma da nasa halin. Gam mai saurin kamawa yana fitar da tiriri da ke barin farin tabo a jikin gilashi, kuma idan ya bushe ba ya lanƙwasa, ga shi kwanso yana ɗan motsi duk lokacin da aka sauka aka hau. Silikon mai warin tsami yana fitar da asid yayin bushewa, abin da ba a so kusa da kayan lantarki. Robar polikabonet da ake yin irin waɗannan kwansunan da ita ba ta shiri da asiton, sinadarin narkar da gam, da wasu magungunan ɗaure zaren sukuru, suna sa ta yi ƙananan tsaga masu kama da gashi, waɗanda ba sa nuna kansu sai matsi ya hau.

Ko wanda bai yi amfani da gam ba, ya kwance zoben da ke riƙe da gilashin ne kawai ya mayar, ya taɓa wurin da masana'anta ta rufe sau ɗaya da nufin a bar shi haka. A ƙarƙashin zoben akwai gasket, wato shimfiɗar roba mai toshe ruwa, ƙananan sukurori da aka ɗaure a jikin kwanson ne ke danne shi. Idan aka ɗaure ɗaya tamau kafin sauran, gilashin yana zama a karkace, gasket ya matsu a gefe ɗaya ya saki a ɗayan. Daidai shi ne a riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan, wannan sannan na gabansa, a zagaya sau biyu ko uku, a tsaya da zarar sukuru ya zauna. Rabin juyi na ƙari yana iya cinye zaren robar, daga nan kuma wannan sukurun ado ne kawai.

Duk da haka, ba ta gilashi yawancin ruwa ke shiga ba. Ta ƙofar baya yake shiga, wadda ake buɗewa kullum domin batir da katin memori. Siririn zoben roba ne ke zagaye da ita, kuma aikinsa duka ya dogara ne a kan ya kwanta a jikin kwanso ba tare da komai a tsakani ba. Takardar bayanin GoPro da kanta ta yi gargaɗi cewa gashi ɗaya ko ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta sa yoyo. A duba abin da kyau a ga dalili. Gashin da ya gitta a kan robar yana ɗaga ta a gefunansa biyu, ya bar ƙananan hanyoyi biyu da ido ba ya gani. A iska ba komai ba ne. A mita 20, ruwa na turawa ta wannan hanyar da matsin kilo biyu a kowane murabba'in santimita, ɗigo bayan ɗigo, tsawon minti arba'in. Kwanson ƙaramar kyamara kuma ba shi da fili a ciki. Babban kwanso yana iya tara cokali biyu na ruwa a ƙasansa kyamara ba ta jiƙe ba. A nan cokali ɗaya ya isa ya kai ramin kati da bakin batir.

Gishiri yana yin irin aikin yashi. Ruwan tekun da ya bushe a cikin ramin robar yana barin ƙwayoyi masu kaifi. Shi ya sa ake jiƙa kwanso a rufe cikin ruwan daɗi bayan kowane nutso, ana danna maɓallansa a ciki domin gishirin da ke kan sandunansu da sifirin ɗinsu ya narke. Kowane maɓalli rami ne da ya huda kwanson, da ƙaramin zoben roba a ciki, kuma shi ne hatimin da ke motsi, saboda haka shi ya fi saurin gajiya. Maɓallin da ya fara nauyi ko yake jinkirin dawowa yana ba da sanarwa ne.

Batun giris yana raba kan mutane, kuma galibi saboda an ɗauko al'adar manyan kwansuna an kawo nan. A can ana shafa wa zoben roba giris kaɗan domin ya zame ya zauna daidai lokacin rufewa. Giris ba ya toshe ruwa, santsi kawai yake bayarwa, kuma yana kama ƙura da gashi. Giris ɗin silikon yana kumbura zoben da aka yi da silikon, ya sa ya yi sako-sako a raminsa. Ga robar ƙofar waɗannan ƙananan kwansunan, umarnin da ya zo da su shi ne a cire ta, a ɗauraye da ruwan daɗi, a kaɗe ta ta bushe, kada a goge da tsumma saboda zaren da yake bari. Ni a ganina wanda ya bi wannan ya kuma duba robar a wuri mai haske kafin ya rufe, ya yi kashi mafi girma na aikin.

Wani abin da mutane ba sa zato shi ne saman ruwa ya fi zurfi haɗari ga ƙofar. A ƙasa, matsi yana danne ƙofar a kan robarta. Ƙofa mai santimita 6 da 4 tana ɗauke da sama da kilo 70 a mita 30, ba abin da zai ɗaga ta. A mita na farko kuwa sakata ce kaɗai ke riƙe da ita. Dirowa daga jirgi da kyamara a hannu, bugun igiya, ko karo da wasu kayan a cikin bahon ɗauraya, duk suna iya girgiza ƙofar a lokacin da ba ta da mai danne ta. Akwai kuma kuskuren da ya ci kyamarori ba adadi: kwanson yana zuwa da ƙofofi fiye da ɗaya, ciki har da mai ramuka wadda aka yi domin sauti ya shiga idan ana ɗauka a tudu. Daga gaba kwanson kamanninsa ɗaya ne ko wacce aka sa.

Gwajin da ya kamata ya biyo bayan kowane gyara

Kwanson da aka taɓa gilashinsa, ko aka canza masa roba, ko ya daɗe a ajiye, ba kyamara ya kamata ta fara shiga cikinsa ba. Ana sa busasshiyar takarda mai laushi a ciki, a rufe. Bokiti yana kama babban yoyo ne kawai, domin matsin da ke ƙasansa bai kai komai ba. Gwajin gaske shi ne a sauka da kwanson babu kyamara zuwa zurfin da ake niyyar aiki, a danna kowane maɓalli sau da yawa a can, a hau, a busar da wajen sosai kafin a buɗe, sannan a duba takardar. Nutso ɗaya ne mutum zai yi ba bidiyo. Da yawa ba sa iya haƙurin wannan, kuma na fahimci dalili, tafiyar nutso ba kullum ake samunta ba. Amma babu wata hanyar da za ta nuna abin da gam ko gasket zai yi a ƙarƙashin kilo 40 sai an ɗora masa kilo 40 ɗin. Manyan kwansuna suna da famfon zuƙe iska da ke nuna yoyo tun a tudu, ƙananan na roba ba su da shi.

Idan aka ga laima a ciki bayan nutso, a tantance raɓa ce ko yoyo. Raɓa tana kwanciya a kan gilashi kamar hazo, ba ta da ɗanɗano, idan ta bushe ba ta barin komai. Yoyo yana taruwa ɗigo-ɗigo a ƙasan kwanso, idan ruwan teku ne kuma yana barin farin gishiri. Maganin raɓa shi ne a rufe kwanson a wuri mai sanyi da bushewa, a sa ƙananan takardun shan laima a gefen kyamarar, a kula kada bakinsu ya shiga tsakanin ƙofa da roba, kada kuma a bar kwanson a rana kafin shiga ruwa. Tagar da aka faɗaɗa tana ƙara iskar da ke gaban idon, don haka kwansunan da aka yi wa gyara sun fi saurin yin raɓa.

In kuwa mai nutso ya ga ruwa yana shiga yana can ƙasa, kyamara ba dalilin gaggawar hawa ba ce. Zai hau a saurin da aka koya masa, ya yi tsayuwarsa ta minti uku a mita 5. A sama sai a cire batir nan take, a ciro katin, wanda sau da yawa yakan tsira ko da kyamarar ta tafi.

Abin da kamfanin ya yi, da abin da ya rage

A 2012 GoPro ta fitar da kwanson nutso na musamman domin HD Hero da HD Hero2, mai babban shimfiɗaɗɗen gilashi da aka rufe tun daga masana'anta, mai jure mita 60. A watan Oktoba na wannan shekarar HERO3 ta fito, kuma kwansonta na yau da kullum da shimfiɗaɗɗen gilashi ya zo. Daga nan ƙaramin doro bai sake dawowa ba. Doro ya dawo ta wata hanyar dabam, babba mai faɗin kusan inci 6 da ake ɗaurawa a gaba domin hoton da rabinsa ke sama rabinsa ke cikin ruwa. Wannan yana aiki ne saboda girmansa ya tura siffar zuwa tazarar da kafaffen ido zai iya kamawa, lissafin nan dai na ninki uku.

Lambar zurfi kuma ba ta tsaya wuri ɗaya ba, abin da ya kamata mai sayen tsohuwar kyamara ya lura da shi. Kwanson HERO3+ na 2013 an rage masa jiki, iyakarsa mita 40. HERO5 Black ta 2016 tana shiga ruwa ba kwanso, amma zuwa mita 10 kawai, wanda zai wuce nan sai ya sa ta a kwanson nutso. A irin waɗannan na baya-bayan, robar ta koma kan ƙofar batir da ta wajen caji, ta ƙara siranta, gashi da yashi kuma suna yi mata abin da suke yi wa ta da.

Abin da shimfiɗaɗɗen gilashi bai magance ba shi ne kusa. Kafaffen idon yawancin waɗannan kyamarori yana fara gani sarai ne daga kusan santimita 30. Tunda taga tana jawo abu kusa da kashi ɗaya cikin huɗu, abin da ke santimita 30 a ruwa kyamarar tana ganinsa kamar a 22 ko 23, wato a cikin yankin dishi-dishi. Sai an ja baya zuwa kusan santimita 40 kafin ya fito. Mai son ɗaukar ƙananan halittu, irin su jatan lande da dodon koɗi marar kwanso, yana buƙatar ƙarin gilashin kusa da ake ɗaurawa a gaban tagar daga waje, ruwa na shiga tsakaninsu. Yana da kunkuntar tazarar da yake aiki a cikinta, sai an auna an saba, kuma ana kaɗa shi bayan an nutse domin kumfar da ta maƙale a tsakani ta fita. Amfaninsa a nan shi ne ana sa shi ana cirewa ba tare da an kwance sukuru ko ɗaya a jikin kwanson ba.